Ƙusoshin Yaya a Bangon Zaure

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Yayana ya riga ni tafiya, kamar yadda ya saba riga ni a komai tun muna yara.

Ranar jana'izarsa layinmu na unguwar Ganou a Parakou bai ɗauki mutane ba. 'Yan doya na kasuwar Arzèkè sun rufe rumfuna sun zo, 'yan zem masu acaɓa sun jera babura har bakin titi, dangin Inna sun ciko mota daga Djougou. Har da wasu Fulani daga Pélébina da ban taɓa gani ba, suna ta share hawaye da bakin rawani. Ni kuwa ina kan tabarma ina karɓar gaisuwa, bakina na cewa amin, idona na ƙirga kawuna. Tunda na ɗauki alƙalami don in faɗi gaskiya, bari in faɗe ta tun daga nan: abin da nake ayyanawa a raina shi ne, ran da tawa ta zo, ko rabin rabin waɗannan za su tako?

Wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce, "Yanzu wa zai riƙa gaya mana inda ruwa zai bi?" Na ce Allah na nan. A zuci na ce ga ni zaune a gabanka, shekara talatin ina zana taswira, amma ba ka gan ni ba. Injiniyar da ma'aikatar gari ta turo don tsara magudanan ruwa ita ma ta zo, ta yafa mayafi. Da ta gama gaisuwa sai ta wuce bangon zaure, ta ɗora yatsa a kan ƙusoshin da ke jere a jiki, ta daɗe a tsaye. Maƙwabciyarmu mai sayar da koko, wadda duk layin ke kira Gwaggo, ita ce ta fi kowa kuka.

"Wanda ya tayar mini da ɗaki ya tafi," in ji ta. "Ga jan fenti a bangona. Wa zai tsaya mini?"

Jan fentin nan gicciye ne da masu tsara gari suka shafa wa gidajen da ke gefen layinmu, alamar za a yanke musu ɗakunan gaba a shimfiɗa babbar kwata. Gidan Gwaggo ɗaki biyu ne kacal, in aka yanke na gaba sai dai ta kwana da tukunyar koko. A duk taron nan ni kaɗai na san ainihin dalilin fentin, na kuma san ni ne dalilin. Amma bari in fara da ƙusoshin.

Baba ne ya fara su. Duk shekara, bayan ruwan da ya fi kowanne ƙarfi a damina, yakan duba inda laka ta yi zane a bangon zaure ya kafa ƙusa a wurin. Da ƙarfinsa ya fara ƙarewa sai ya raba mu: ni ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, Yaya ya miƙa masa guduma da gwangwanin ƙusoshi. A lokacin na ɗauka ni na ci riba. Na koyi Faransanci, na shiga aiki wurin wani mai auna filaye, ina sa takalmi sau ciki. Yaya kuwa ya bi sawun Baba a fataucin doya, yana kai da komo tsakanin Pélébina da Arzèkè, kullum rigarsa da jar ƙasa. Shi ya laƙaba mini Mushe, sunan da ake kiran malaman lakwal, har ya bi ni zuwa furfura.

Hadari na haɗowa kowa zai nemi ɗaki, shi kuwa lokacin zai naɗe ƙafar wando, ya lanƙwasa buhu ya kifa a ka, ya fita. Aljihunsa cike da ɓawon gyaɗa. In ya zo mararraba sai ya jefa ɓawo ɗaya a ruwan, ya bi shi da ƙafa ya ga inda zai karkata. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji, ta koma ɗora masa ruwan zafi kafin ya dawo. Yakan ce, "Ruwa baƙo ne. In ba ka shimfiɗa masa tabarma a zaure ba, har ɗaka zai bi ka." Yakan kuma ce ruwa ba ya manta hanyar gidansu, ko an shekara ɗari da ginawa a kanta.

Tabarmar da gidanmu ya shimfiɗa wa ruwa ita ce kwarin da ke bayan gida, fili mai faɗi da muka gada. Ruwan layin gaba ɗaya yana taruwa a ƙofarmu, ya shige ta wata babbar rariya da Baba ya gina a ƙarƙashin katanga, ya ratsa ta bayan garken awaki, ya faɗa kwarin. Can zai kwana biyu ko uku ƙasa ta shanye shi. Ni abin da nake gani a kwarin shaguna ne, jere, da rufin kwano mai sheƙi. Na zana su sau ba adadi. Duk ran da na shimfiɗa masa takardar sai ya duba da kyau, har ya yaba miƙewar layukan, sannan ya ce, "Mushe, to ruwan fa, a wane shago ka sauke shi?"

Akwai wata rana a Djougou da har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Ɗan kawunmu zai gina gida, ni na zana masa taswira, kyauta, na kwana biyu ina fama. Muka je ranar aza harsashi, an riga an ja igiya an kafa turaku. Yaya bai ko kalli takardata ba. Ya tsallaka wurin wasu tsofaffin mata da ke fasa ƙwarar kaɗanya a gindin bishiya, ya durƙusa ya gaishe su, ya ce, "Iyayena, da damina daga ina kwaɗi suke kuka?" Suka nuna daidai inda na sa ɗakin maigida. A gabana aka tuge turakun aka matsar da su sama. Ɗan kawu ya naɗe taswirata ya miƙo mini yana godiya, irin godiyar da ake yi wa wanda ya kawo gishiri bayan an sauke miya. A mota na juya masa ƙeya har Parakou. Shi kuwa ya sayi wagashi, cukun Fulani, a hanya, ya gutsura ya ɗora mini babban rabon a cinya.

Haka yake, shi ya sa jin haushinsa ke da wuya, ni kuma ban fasa ba. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, ni na yi wa gonar Yaya hidimar da babu wanda ya yi mata.

Sai shekarar da na yi abin da na yi. Ya tafi Pélébina sayen sabuwar doya, zai yi kwana huɗu. Na ce a raina, in kwarin nan ya ga damina ɗaya a bushe, bakinsa zai mutu. Na shiga bayan garke inda ba mai leƙawa, na jera bulo a bakin rariyar, na liƙe da siminti. Lissafina shi ne ruwan zai wuce gaba ya nemi titi. A takarda haka ya nuna.

Kwana biyu da yin haka, bayan azahar, sama ta buɗe. Ruwan ya zo ƙofarmu bai sami hanya ba, bai kuma nemi titi ba, ya juya ya hau layin. Kafin la'asar ya kai ƙirjin babban mutum. Na tsaya a kan dakali ina kallon tabarmi da kwanuka suna wucewa. Ɗakin Gwaggo na ƙasa ne a lokacin, ina gani ya durƙusa ya zauna. Allah ya tsare, babu rai a ciki. Kowa ya ce ba a taɓa ganin ruwa irin na ranar ba, ni ma na taya su faɗa.

Yaya ya dawo washegari. Ya tsaya ya dubi zanen laka a bangon zaure, ya dubi sauran ƙusoshin can ƙasa, bai shiga ɗaki ba ya ɗauki diga ya zagaya bayan garke. Ina jin bugun daga inda nake zaune. Da ya fito, gumi na zuba, sai ya ɗauki guduma ya kafa ƙusar shekarar a inda ruwan ya kai, can sama ita kaɗai. Na jira faɗa, har na tanadi amsoshi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mushe, riƙe mini gwangwanin." Daga nan ya shiga aikin ɗakin Gwaggo, shi ne kwaɓa siminti, shi ne miƙa bulo, har ya tashi. Layi ya ɗauka, ana ta sa masa albarka. Ni na yi ɓarna, shi ya kwashe lada, har wannan ma sai da na ji haushinsa.

Shekaru suka wuce. Damina ta canja hali, kowa ya shaida. Yaya yakan ce ruwan da can da sallama yake zuwa, ya kwana uku yana yayyafi, na yanzu kuwa na wata guda yake juyewa a yini ɗaya. Ga gari ya cika da siminti, ƙasa ba ta samun bakin sha, an sare mangwarorin da ke tare zafi. Ƙusoshin suka riƙa hawa a hankali, yatsa ɗaya bana, yatsa biyu baɗi. Da ma'aikatar gari ta tashi tsara yadda za a zauna da wannan sabon yanayi, inda za a bar wa ruwa, inda za a dasa itatuwa, inda za a hana gini, sai aka turo injiniyar nan unguwarmu.

Ranar da ta fara zuwa na ji ana tambayar gidanmu. Na sa babbar riga, na ɗebo taswirorina na shekara talatin na rungumo. Ta gaishe ni da ladabi da Faransanci mai kyau, sannan ta ce, "Pardon, Papa, ku ne mai ƙusoshin?" Na nuna mata Yaya, yana zaune a ƙasa yana ware doyar da ta fara ruɓa. Ta tsuguna kusa da shi. Sati uku tana zuwa, tana auna tsakanin ƙusa da ƙusa, tana ɗaukar hoto, shi kuma yana ba ta labarin kowace: wannan shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari, wannan shekarar da Inna ta rasu. Ta ce a duk garin ba ta sami wurin da aka ajiye tarihin ruwa kamar bangon nan ba. Ni aikina a wurin shi ne fassara in Hausarta ta ƙare.

Wata rana ta ɗora yatsa a ƙusar sama ta ce, "Baba, wannan ce ta hana ni sakat. Sauran suna hawa a hankali, ita ta yi tsalle. In ruwa ya taɓa kaiwa nan, zai sake kaiwa, dole in yi kaniwo, babbar kwata, da zai ɗauke shi. Layin kuma ya yi ƙunci."

Ban fassara ba, don ya ji. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Wannan ba tawa ba ce, 'yata. Mai ita zai yi bayaninta."

Ta ɗauka Allah yake nufi. Bayan sati biyu aka zo da jan fenti, aka kuma sa ranar taron unguwa da za a tabbatar da tsarin.

Faɗanmu na ƙarshe a bayan garke muka yi shi, da hantsi, ya same ni ina zuba wa awaki dusa.

"Mushe, ka ga bangon Gwaggo?"

"Na gani."

"Ba zan tona maka asiri ba. Ba kuma zan zauna a rushe wa bayin Allah ɗakuna a kan ƙusar da ba ta sama ba ce. Ka fitar da ni."

"Ka je ka faɗa mana! Ai dama abin da ya rage maka ke nan. Ka kwashe suna, ka kwashe albarka, yanzu ka haɗa da mutuncina."

"Wane suna?"

"Baba ya ba ka guduma, ni ya ba ni fensir. Wa ya taɓa zuwa gidan nan neman mai fensir?"

Ya dube ni da kyau. Sannan ya ce, "Ni na roƙi Baba ya kai ni lakwal, ya ce kai ne mai kai. Shekara nawa ina kallon takardunka ban san ta ina ake fara karanta su ba. Ka taɓa ji na ce maka komai?"

Ban taɓa sani ba. Maimakon in yi laushi sai na ce, "To, ka ga ko a hassadar ma ka fi ni iyawa." Ya yi dariya har da tari, ya dafa kafaɗata ya fita. Kwana biyar bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, a kwana na uku da kwanciya ya cika. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, nasa ya tafi da maganata kabari.

Saboda haka ranar da nake ƙirga kawunan masu gaisuwa, akwai wani lissafin a ƙarƙashi. Wanda ya sani ya tafi. In na yi shiru, ni ne babban gida, dattijo mai furfura, ƙanin marigayi. Babbar kwata za ta ɗauke ruwan, kwarin ma ya bushe, shagunana su tashi. Sai dai kullum da safe in na fito sai na ga gicciyen nan a bangon Gwaggo, ita kuma tana zuba koko a ƙarƙashinsa.

An yi taron kwana biyu bayan sadakar bakwai, a filin makarantar unguwa, ƙarƙashin mangwaro ɗaya da ya rage. Injiniya ta kafa babbar taswira, ta nuna layinmu, ta nuna hoton bangon zaure. Ta ce ta so a ce mai ƙusoshin yana nan. Aka yi masa addu'a. Ta tambaya ko akwai mai magana. Ina so in ce tausayin Gwaggo ne ya tashe ni, kuma akwai shi. Amma abin da ya ɗaga ni daga kujera shi ne na gaji da zama ƙanin mutumin kirki. Na ce ko sau ɗaya in yi abin da shi bai iya yi ba.

"Jama'a, ƙusar sama tawa ce," na ce. "Ni na toshe rariyar gidanmu da bulo a shekarar nan, don ina son in gina shaguna a kwari. Ruwan sama bai fi na sauran shekaru da yawa ba. Ni na rushe ɗakin Gwaggo. Madam, ki cire ƙusar nan daga lissafinki. Kwarin kuma ki rubuta shi na ruwa ne, ni ne babban gida yanzu, na yarda."

Na maimaita da Faransanci, don kada a ce fassara ce ta ɓata. Na tsaya ina jiran zagi, ko kuma, tunda na yi alkawarin gaskiya, ina jiran wani ya ce kai, wannan namiji ne. Sai tsohon nan da ya riƙe hannuna ranar jana'iza ya girgiza kai ya ce, "Allahu akbar! Ku ji fa. Shekara da shekaru ya rufa wa ƙaninsa asiri, ya gina ɗaki da hannunsa bai ce komai ba. Allah ya jiƙan mutumin nan!" Taro ya ɗauka da amin. Ni na zubar da mutuncina a gaban unguwa, shi aka yi wa addu'a. Yana kwance a maƙabarta ya sake cinye ni.

Injiniya ta zo da kanta ta leƙa bayan garke, ta ga guntayen simintin da har yau ke manne a bakin rariyar. Ta sake awo. Kwatar da za a yi yanzu matsakaiciya ce, za ta bi gefen layi ta zube a kwarin, za a kuma dasa itatuwa a kewayensa. An bi gidajen da farar ƙasa an shafe gicciyen. Ta nemi tsofaffin taswirorina ma, ta ce za su yi amfani. Na ba ta, amma na lura ba ta tsuguna mini kamar yadda ta yi wa Yaya ba.

Gwaggo kuwa ta daina amsa gaisuwata. In na ce ina kwana sai ta duƙufa a kan tukunya. Ban ga laifinta ba. Wasu a masallaci sun matsa mini a sahu, wasu sun matsa daga gare ni.

Shekaranjiya aka yi babban ruwan bana, da rana tsaka. Da ya ɗauke, matar Yaya ta fito daga ɗakin takaba har bakin zaure ta ciki, ta turo mini guduma da gwangwani da ƙafa, ta ce, "Mushe, bango na jira." Na fita, na duba zanen laka, na saita ƙusa. Bugun farko ta lanƙwashe. Ƙusa ta biyu ta faɗi a ruwa. Daga ciki na ji ta ce, "Shi bugu biyu yake yi." Na ce na sani.

Ina saita ta uku sai na ji murya daga tsallaken layi.

"Ba nan ba ne. Ɗaga sama kaɗan, ina kallo lokacin da ya kai."

Gwaggo ce, tana tsaye a ƙofar ɗakinta na gaba, ludayi a hannu. Na ɗaga ƙusar sama faɗin yatsa ɗaya. Ta ce, "To, nan." Na buga, sau bakwai, ta shiga a karkace, amma ta shiga.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa kabari, ya shayar da shi daga ruwan da ba ya rushe ɗakin kowa. Ya yafe masa, ni ma ya yafe mini. In an tashi rabon gidaje a can, na san nasa zai fi nawa, kuma na san zan ji haushi. Ina roƙo dai a sa ni a layinsu.